Turakun Baba Uwaisu

"Saminu, ruwan ya janye?"

Saminu ya duƙa kusa da tabarmar maƙwabcinsa. "Da saura, Baba. Amma Mukarrama ta bugo waya, tana bakin rafi tun safe."

"Da an yi gadar nan..." Tari ya sarƙe tsohon, bai ƙarasa ba.

Kaf ƙauyen nan na kusa da Gazara babu wanda bai san Baba Uwaisu da zancen gada ba. Tun shekarar da ma'aikatan hanya na jiha suka zo suka yi awo, suka kafa turaku masu jan fenti a bakin rafi, suka ce da an saki kuɗi sai aiki, ya ɗauki turakun nan amana. Kowace damina sai ya nome gindinsu. Da gara ta cinye su, ya saro rassan itacen dashi ya kafa a gurbinsu, wai kada mutanen su dawo su rasa wurin.

Saminu kan tsokane shi, "Baba, ko gwamnati ta naɗa ka sarkin turaku ne?"

"Yi dariyarka, ɗan nan. Ran da mota ta haye, kai za ka riga ni shiga."

Ba motar ce ta dame shi ba. Mukarrama ce, 'yarsa tilo, da ke aure a tsallake. Da rani takan tako da ƙafa ta kawo masa fura, da damina kuwa sai dai kewa.

A ranar da Baba ya yi tambayar ruwan nan, ana kiran azahar rai ya yi halinsa. Hanyar zagaye ta Makarfi ta zama taɓo, ko ɗan acaɓa ba ya bin ta, gawa kuma ba ta jira. Aka yi masa sutura, aka sallace shi. Saminu ne ke gaban makara. Da suka kai mararraba, maimakon ya nufi maƙabarta sai ya karkata hanyar rafi.

"Ina kuma za ka, Saminu?" in ji liman.

"Allah gafarta Malam, 'yarsa na can. Ko daga nesa ne ta gan shi."

Liman ya bi bayansu.

Rafin ya cika ya batse, jajir, yana ruri. Ga Mukarrama can a ɗaya gaɓar, da goyo a baya. Suka tsaya, suka ɗaga makarar sama. Bakinta na motsi, amma ruwa ya haɗiye muryar. Sai ta durƙusa har ƙasa, yadda ta saba gaishe shi. Saminu ya kasa riƙe hawayensa.

Da suka juya, wani ganye ya shafi kafaɗarsa. Turakun Baba ne, sun yi toho kore shar, jere suna fuskantar tsallake. Ciyawa ta fara rufe gindinsu.