Takun Malam Absalom

Ranar da labari ya zo cewa Edna Manasseh za ta dawo Jimeta ta shimfiɗa wa tsohuwar makarantarta filin tsere na zamani, kowa ya yi murna ban da Malam Absalom, malamin wasanni. Mai shimfiɗa fili dole ya fara aunawa, shi kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar a auna masa filin nan.

A ƙarshen 2014, da mutanen Mubi suka kwararo Yola gudun hijira, filin makarantar ya zama masauki. Aka kafa tantuna, aka girka tukwane a kan layin tsere. Da suka tashi babu layi babu alama, tef ɗin awon ma an yi igiyar shanya da shi. Ga gasar makaranta saura kwana huɗu. Malam Absalom ya ce ai abin mai sauƙi ne, takun babban mutum mita ɗaya ne. Ya taka ɗari, ya kafa turke, ya ja layi da toka. Abin da ya manta shi ne, shi ba babban mutum ba ne. Mutumin da sai ya yi ɗage kafin ya rubuta kwanan wata a saman allo!

A wannan filin Edna, siririyar yarinya 'yar aji huɗu daga unguwar Shagari Low Cost, ta yi gudu ba takalmi. Malam Absalom ya duba agogo: daƙiƙa 11.3. Ya yi ihu har muryarsa ta dishe. Da hannunsa ya rubuta a bangon ofis da jan fenti: Edna Manasseh, mita 100, 11.3, 2015. Ya kai labarin coci, ya kai kasuwa, duk mai keken da ya ɗauke shi sai ya ji. Yarinyar ta wuce jami'a a Amurka, gudu ya zama sana'arta, shi kuma ya zama mutumin da ya gano Edna.

Shekara guda bayan gasar, makaranta ta sayi sabon tef. Wata Asabar ya je shi kaɗai ya auna. Mita casa'in da ɗaya. Ya naɗe tef ɗin ya cusa a ƙasan kabad, bai faɗa wa kowa ba sai matarsa Nancy.

"Baban Jerry," ta ce, tana dariya har da riƙe ciki, "duk wandon da ka saya ni nake rage masa tsawo. Ai da ni ka tambaya."

To, yau ga ranar. Ɗalibai sun yi layi, shugaban makaranta ya sha kwat, Edna ta sauko daga mota ta durƙusa ta gaishe shi. Injiniyan da ta kawo, Zadok, ya kama bakin tef daga layin farawa ya miƙe. Ya iso turken Malam Absalom. Ya wuce. Malam Absalom yana ƙirga masa taku, kowane ɗaya kamar ana taka masa ƙirji.

"Madam," Zadok ya ɗaga murya, "wannan turken a casa'in da ɗaya yake fa!"

Kunya ta kama Malam Absalom, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ni na auna," ya ce. "Da ƙafa. Waɗannan." Ya nuna su. "Ki yafe mini, 'yata. Ƙarya ce a bangon can."

Edna ta fashe da dariya.

"Sa, ai na sani tun ina aji biyar. Gasar jiha ta farko da na je, na kai inda ƙafata ta saba tsayawa, na ɗaga kai, sai ga layin yana can gaba yana jirana. Ta shida na zo."

"Shi ne ba ki faɗa ba?"

"Na dawo da niyyar daina gudu, sai na ga bangon. Ba wanda ya taɓa rubuta sunana da fenti sai kai. Na ce sai na mai da lambar nan gaskiya." Ta juya ta dubi bangon. "Shekara tara ina binta, Sa. Bara na kama ta, a mita ɗari cif."

Shugaban makaranta ya yi gyaran murya, ya tambaya ko a goge rubutun.

"A bar lambar," in ji Edna. "Shekarar kawai za a gyara."

Zadok ya dawo ya miƙa wa Malam Absalom bakin tef ɗin.

"Riƙe mana nan, Sa. Riƙewa kawai. Don Allah kada ka taka."

Ɗalibai suka sheƙe da dariya, shi ma ya yi, hawaye na gangaro masa. Ya riƙe da hannu biyu, bai motsa ko ƙafa ɗaya ba.