Ɗaurin Tsamiya

A unguwar Shahuci duk wanda ke harkar rini ya san aikin 'Yardada, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Shekara goma sha takwas tana zaune a tsakar gida tana ɗaurin yadi da zare, mijinta Malam Abdulmalik yana kaiwa karofi yana tsomawa a baba. Haka sana'ar take tun kaka da kakanni: mata su ɗaure a cikin gida, maza su rina a waje, in an je kasuwa kuma sunan mai ramin rini ake kira.

Ita ta ƙirƙiro ɗaurin tsamiya. Ƙwallon tsamiya take cusawa a yadin ta naɗe shi, in an rina an kwance sai ya fito kamar furen kabewa. Shekara biyu ta yi tana ɓata ƙyallaye kafin hannunta ya zauna a kai.

Yadin ya faɗa hannun wata ƙungiya mai koyar da mata sana'a a Ƙofar Nassarawa, suka aiko a nemo wanda ya ƙirƙiro shi ya zo ya koyar. Wallahi 'Yardada ta so abin nan har cikin ranta. Ba a taɓa nuna ta a gaban jama'a an ce ga mai aikin ba. Malam ya amince, har ta ɗinka sabon hijabi. Sati bai zagayo ba ciwon kwana uku ya ɗauke shi, ta shiga takaba.

To, ƙungiya ba ta jiran wata huɗu da kwana goma. Takardarsu kuma sai shugaban marina ya sa hannu, shi kuwa ba ya shaidar wanda ba shi da rami. Mace ina ta ga rami? Dattawan gida suka zauna a zaure suka yanke cewa Sabo, ƙanin marigayi, ya riƙe mata gurbin. Ba shawara aka yi da ita ba, sanar da ita aka yi. Sabo ba mugu ba ne, shi ya ɗauki nauyin yaranta tun ranar rasuwa, amma hannunsa na rini ne, bai san zare ba. Kwana uku ya zauna a ƙofar ɗakinta tana kwatanta masa ta bayan labule.

Washegarin fitarta takaba ta shirya ta tafi wurin ƙungiyar. Wata malama a bakin ƙofa ta tambaye ta ko ɗaurin Sabo ta zo koya. Kafin 'Yardada ta amsa, malamar har ta miƙo mata ƙyalle da zare ta nuna mata tabarmar baya.

Mata sun kai hamsin. Sabo na gaba yana naɗa zare gefe guda har ƙarshe, bai juya hannu a naɗi na uku ba, alhali nan ne shuni ke samun hanyar shiga. Duk ɗakin haka suke bi. Ran 'Yardada ya ɓaci ƙwarai. Ya ɗago suka haɗa ido, ya sunkuyar da kai. In ta gyara masa a nan, kafin la'asar duk Shahuci ta ji matar marigayi ta kunyata mai riƙon marayunta a gaban mata.

Ta ɗauki zare, hannunta ya yi abin da ya saba. Matar da ke kusa da ita ta leƙo, ta ce a hankali cikin tausayi:

"Baba, ba haka ake yi ba. Dubi yadda Malam Sabo ke yi."

'Yardada ta daɗe tana kallon ɗaurin nata. Sannan ta warware shi, idonta cike da ƙwalla, ta naɗa irin na Sabo.