Ƙuri'ar Sifana

Wata bakwai ke nan ba a yi gardamar ƙwallon kwando a teburin cin abincin gidan Rimgaudas ba. A da, a gidan nan nasu da ke hawa na uku a garin Utena na ƙasar Lithuania, kwalbar gishiri ba ta zama wuri ɗaya. Ita ce ɗan wasa mai rarraba ƙwallo, kofin shayi shi ne dogon da ke ƙarƙashin kwando, shi da 'yarsa Jorūnė su yi ta tura su suna ɗaga murya har miya ta huce, matarsa Danguolė ta ƙwace cokulan.

A watan Afrilu abin ya tsaya. Ranar wani wasa da safe Jorūnė ta ce gwiwarta na ciwo. Rimgaudas ya ce, "Ɗaure ta ki shiga. In jiki ya ɗumama za ta saki." Ba a kai hutun rabin lokaci ba ta faɗi, jijiyar ta tsinke, aka yi mata aiki. Shekarunta sha bakwai.

Tun daga ranar bai ƙara musa mata komai ba. In ta ce shayi ya yi sanyi, ya yi sanyi. In ta ce ya yi zafi, haka ne. Wata rana ta ɗago kai daga kwanonta ta ce, "Baba, ashe mutum shida-shida ake buga ƙwallon kwando."

Ya san biyar-biyar ne, amma ya ce, "To, 'yata."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ja ƙafarta ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ƙofar nan ita ce ta tsaya masa a rai. Ba ya fatan komai sai ta buɗe, yarinyar ta fito ta ce masa bai san ƙwallo ba, kamar da.

Kowace Nuwamba, zauren magoya bayan ƙwallon kwando na yankinsu a intanet yakan shirya gasa. Mutum sha shida su zaɓi tsofaffin 'yan wasan yankin bi da bi, kowa takwas, sai a riƙa haɗa su biyu-biyu, 'yan zaure su jefa ƙuri'a a kan wa zai ci da a ce an buga da gaske. Doka biyu ce: sai wanda ya yi wata shida a zauren zai jefa ƙuri'a, kuma ƙuri'ar da ba a rubuta dalilinta ba, ba a ƙirga ta. Shekara tara Rimgaudas yana zauren da sunan Sifana, bai taɓa rubuta ko kalma ba. Daga aji tara ya wuce koyon kanikanci, kuma haruffan nan na yarensu masu 'yar wutsiya a ƙasa ba su taɓa yi masa biyayya ba. Inda ya kamata ya sa sai ya manta, inda babu sai ya liƙa. A zauren kuwa akwai masu jiran irin wannan.

A bana ya ga wani sabon suna cikin masu zaɓen 'yan wasa: Gwiwa Ɗaya. Da zagaye ya zo kanta, ta tsallake duk dogayen ta ɗauki Gaidelis, ɗan guntun nan mai gudu kamar an kora shi, wanda Rimgaudas ya sha ba ta labarinsa tun tana aji ɗaya. Bai ma tambayi kowa ba, ya san Jorūnė ce. Ya dai nuna wa Danguolė wayar, ta ce, "Ni ban gaya maka komai ba," ta ci gaba da guga.

Gwiwa Ɗaya ta kori mutum uku ta kai wasan ƙarshe, za ta kara da wani mai kiran kansa Farfesa. Za a rufe ƙuri'a ranar Lahadi da ƙarfe shida na yamma.

Ranar Jumma'a, a garejin bas-bas inda yake aiki, Rimgaudas ya share teburin aiki lokacin hutun rana, ya jera notina biyar a hagu, kusoshi biyar a dama. Zenonas, abokin aikinsa na shekara ashirin, ya jawo kujera yana cin baƙin burodi da naman alade mai gishiri.

"Tsoho, wannan wace sabuwar cuta ce?"

Rimgaudas ya gaya masa.

"Shi ke nan?" in ji Zenonas. "Mu huɗu ne masu tsohuwar rajista a garejin nan. Ni, kai, mai walda, da wancan kurman na sito. Mu zuba mata ƙuri'a, Farfesa ya koma makarantarsa. Dalili kuwa ni zan rubuta wa kowa, ka san na iya ƙarya."

"Tsaya tukuna. Wannan babban notin Pečiulis ne."

"Pečiulis? Wanda sai an yi masa waya kafin ya juyo?"

"Ba ya gudu, amma ka taɓa ganin an ture shi? Yana wajen Farfesa. Ita kuma dogonta Dirsė ne." Ya ɗaga wata siririyar ƙusa. "Na gan shi da idona. Iska mai ƙarfi tana kai shi benci."

Ya yi ta tura su. Ya sa 'yan Jorūnė suka yi gudu, ya sa suka jefa daga nesa, ya sa biyu suka danne Pečiulis. Ta ko'ina ya biyo, wuri ɗaya yake fitowa: duk ƙwallon da ta bugi bakin kwando ta faɗo, a hannun Pečiulis take sauka. Jorūnė ta zaɓi masu gudu zalla, irin wasan da ita kanta take yi kafin Afrilu.

"Ba za ta ci ba," ya ce a hankali.

"Wa ya tambaye ka gaskiya? Rabin 'yan wasan nan ma suna kabari. 'Yarka ce fa."

Rimgaudas ya buɗe wayar don ya duba inda aka kwana. Sha bakwai da sha bakwai. Ya bi dalilan yana karantawa da yatsa. Ashe wasu sun gano ko wace ce. Wani ya rubuta, "Na zaɓi Gwiwa Ɗaya, Allah ya ba ta lafiya." Wata ta ce, "Yarinyar ta sha wahala, a bar mata." A ƙarƙashinsu Jorūnė ta amsa da layi ɗaya: "Ban zo karɓar jaje ba. Ku duba jerin 'yan wasan, ko ku riƙe ƙuri'arku."

Ya karanta sau uku. Ya tuna maganar mutum shida.

"Zenonas, kada wanda ya jefa mata komai a garejin nan. Ka ji ni?"

"Kai fa?"

"Farfesa zan zaɓa."

Zenonas ya daina tauna. "In an kore ka daga gida, akwai tsohuwar katifa a bas mai lamba goma."

Ranar Lahadi Danguolė tana gurza dankalin yin kugelis, gasasshen abincinsu, a kicin lokacin da ya gaya mata. Ta ajiye magurjin.

"Rimgaudas, kanka ɗaya? Abu ɗaya da yarinyar nan ta tashi ta yi a wata bakwai, shi za ka rushe?"

"Ba rushewa zan yi ba. Dubawa zan yi, kamar yadda ta ce."

"In ta faɗi saboda kai fa?"

"Ba za ta san ni ne ba."

Danguolė ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai da ko takardar cefane ka rubuta, maƙwabta sun san hannunka."

Wannan bai zo masa a rai ba. Ya zauna da wayar a hannu. Zai iya yin shiru, kamar shekara tara da suka wuce, babu wanda zai zarge shi. Ya dubi ƙofar ɗakin da ke ƙarshen baranda. Shirun ai ya gwada shi, wata bakwai cur. Sau ɗaya ya taɓa matsa mata, ya jawo abin da ya jawo, kuma wannan tsoron bai bar shi ba. Amma yau ba gwiwarta zai sa a fili ba.

Ya ɗauko biro da bayan wata ambulan ya fara tsarawa. Ya soke, ya sake. Ya tambayi Danguolė inda wutsiya take a wata kalma, ta ce, "Ni ba na cikin wannan." Sai da kugelis ya shiga tanda, taga ta yi duhu tun ƙarfe huɗu da rabi, sannan ya kwafe a waya da yatsa ɗaya:

"Na zaɓi Farfesa. Gwiwa Ɗaya tana da gudu kuma Gaidelis ya fi kowa kai a gasar nan, na ga wasansa ba labari aka ba ni ba. Amma kafin ka gudu da ƙwallo sai ka riƙe ta. Wa zai ɗauko ta in ta faɗo? Dirsė ba zai iya da Pečiulis ba ko an ba shi tsani. Ta ɗauki masu jefawa huɗu ta manta da mai sharar ƙarƙashin kwando. Minti talatin za su yi kyau, minti goma na ƙarshe za su sha wuya. Wannan ra'ayina ne."

A lokacin ashirin da ɗaya ne da ashirin da ɗaya. Ya danna, ya kife wayar a kan tebur, ya ɗora hannu a kai.

Minti biyar, babu motsi. Danguolė ta buɗe tanda ta rufe ba tare da ta duba komai ba. Ana cikin haka sai ƙofar ƙarshen baranda ta buɗe da ƙarfi har ta bugi bango. Suka ji takunta, ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi.

Jorūnė ta tsaya a bakin kicin, wayarta a ɗage.

"Sifana," ta ce. "Sifana! Baba, a layi bakwai ka sa wutsiya biyar inda babu, ka bar uku inda akwai. 'Wa zai ɗauko ta in ta faɗo.' Tun ina shekara shida nake jin wannan waƙar."

Kalmar nan ta "to, 'yata" ta taho har kan harshensa. Ya haɗiye ta.

"Ai tambaya ce. Wa zai ɗauko ta?"

"Babu wanda zai ɗauko ta, don ba za ta faɗo ba!" Ta jawo kujera ta zauna, ta miƙe ƙafar a kan wata. "Mama, ba ni gishirin nan. Wannan Gaidelis. Wannan kofin Pečiulis ɗinka, mai ƙafar siminti. Kana tsammani zan bar Dirsė a ƙarƙashin kwando ya yi kokawa da shi? Waje zan fitar da shi, nan, bayan layin maki uku. Pečiulis ya biyo shi ko ya tsaya?"

"Ya tsaya."

"Dirsė ya jefa."

"Dirsė? Sau nawa ya taɓa jefawa daga can?"

"Shekararsa ta ƙarshe, huɗu cikin kowane goma. Na karanta tsofaffin jaridun, kai kana can kana tuna abin da ka gani da ido ɗaya bayan ginshiƙi."

"Shekararsa ta ƙarshe ba wanda yake tsare shi, don tausayi!"

"Ƙarya ne!"

"Jorūnė, babanki ne," in ji Danguolė, amma ta riga ta miƙo musu kwalbar barkono da cokula uku.

Ya ɗauki cokali ya tare gishiri. Ta zagaye da barkono. Ya yarda cewa in Pečiulis ya fito waje an gama da shi, ta ƙi yarda cewa bencin 'yan canjinta ba kowa. Ya ce ta zaɓi 'yan wasa kamar mai zaɓen kanta sau takwas. Sai ta ce shi kuma da an bar shi da zai ɗauki motocin bas biyar ya jera a fili. Maƙwabcin ƙasa ya buga silin da sandar tsintsiya. Ba wanda ya kula.

Danguolė ce ta dubi agogo. "Shida ta wuce da minti goma."

Jorūnė ta ɗauki wayarta. Rimgaudas ya dubi fuskarta, bai dubi wayar ba.

"Ashirin da uku da ashirin da biyu," ta ce. "Farfesa ya ci."

Ƙuri'a ɗaya. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ta ɗaga masa hannu.

"In ka ce yi haƙuri, ɗaki zan koma."

Ya rufe bakin.

Ta juya kwalbar gishirin a hannunta. "Cikin ashirin da biyun nan, aƙalla shida na jaje ne. Ba na so." Ta ajiye ta a gabansa da ɗan ƙarfi. "A watan Janairu za a sake wata gasar. Ka yi rajista, Sifana. Ka ɗauki Pečiulis ɗinka, in kore ka a zagayen farko kowa yana kallo."

"Sai an yi rubutu da yawa?"

"Kowane zaɓe da dalilinsa. Wutsiyoyin zan gyara maka. Dalilan kuwa naka ne, ka sha kunyarka kai kaɗai."

Danguolė ta ajiye kugelis a tsakiyar tebur, ta nemi cokulan. Jorūnė ta riƙe biyu, ta ce ba a gama ba, akwai minti goman ƙarshe da ya yi ƙarya a kansu. Rimgaudas ya gyara zama, ya matso da kofin shayin ƙarƙashin kwando.