Laba Ɗari da Tamanin

…kuma wai ni ne zan rage. Ni. Kamar nauyi ƙaya ce da za a sa allura a zaro. Laba ɗari da tamanin, in ji Kyaftin Mistri, matuƙin jirginmu, ya miƙo mini takardar ko kallona bai yi ba. “Lunkaran, ko ka sauke mini laba ɗari da tamanin, ko mu ƙare cikin ƙayar ƙarshen fili, da Sarkin da kowa.” Ya koma inuwar fiffike ya tsuguna abinsa. To madalla. Shi tuƙi kawai ya sani. Wanda zai shiga, da inda zai zauna, da abin da zai sha a sama, da wanda zai tarye shi a Bombay — duk wannan na Lunkaran ne, shekara goma sha tara ke nan.

Ba laifinsa ba ne, na sani. Rana ce. In ƙasa ta ɗauki zafi haka, fiffike ba ya samun iskar kamawa, filin namu kuwa gajere. Da da asuba ne, har akuya sai in ƙara masa. Amma asuba ba ta yi wa Pandit Badridas ba. Ya buɗe littafin taurarinsa, ya ƙirga gaɓoɓin yatsunsa, ya ce ƙarfe ɗaya da minti ashirin na rana. Na rana! A watan da ko angulu ba ta son tashi. Na ce Panditji, taurarin nan naka sun taɓa tsayawa a filin nan ba takalmi? Ya ce ba shi ya jera su ba. In aka kuskure wannan sa'a sai bayan kwana goma sha ɗaya, likita kuwa ya ce abin da ke cikinka ba zai jira kwana goma sha ɗaya ba, Annadata, Sarkinmu mai ciyar da mu. Gobe da safe za su yi maka aikin. Rani Sahiba ba za ta bari a kai mijinta gaban wuƙa a muguwar sa'a ba… Ni ma fa. Tsohon nake zagi kawai, amma ni ma ba zan bari ba.

Ɗaya saura ashirin.

Ga sunayen, da rubutun nan nawa mai kama da sawun kaza, wanda na koya daga jikin gangunan mai don babu wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Na farko kai, ranka ya daɗe. Ɗari da ashirin da biyu. Ɗari da ashirin da… Da safe na auna ka bayan labule, na buga wa sikelin ƙafa na ce ya lalace, ka ce, “Luna, har ƙaryarka ta tsufa.” Bara ɗari da sittin da biyar na rubuta. Ina sauran ya tafi? Wa ya ba shi izini?

Rani Sahiba ba a auna ta. Wa ya isa? Fuskar masu ɗauko ta nake dubawa in kintata, ban kuwa taɓa kuskure ba. Kuyangarta dole, mace ba ta tafiya cikin maza ita kaɗai. Likita Mathur — shi ko an cire shi me aka cire, tsinke da tabarau, kuma allurarka a jakarsa take. Hukma mai dafa abinci… a'a, ga nama! Laba ɗari biyu da huɗu, ɗan banzan mai tumbi, rabin man shanun fada a cikinsa ya ƙare. Layi ɗaya in ja, magana ta mutu, har da rara. Amma ba ka cin abin da baƙon hannu ya dafa. In ka farfaɗo, wa zai dama maka shinkafar nan mai ruwa-ruwa da wake, ba gishiri, ba yaji, yadda uwarka take yi? Wani ɗan Bombay? Hukma zai tafi. Ubangiji ya sa kujerar ta ɗauke shi.

Ruwa. Tulun tagulla shida daga rijiyar cikin ganuwa, kowanne arba'in da biyar. In sauke huɗu, an gama. Sauran ruwan ai yana bin jirgin ƙasa, kwana uku ya iso, a cika na famfo kafin nan, wa zai sa—

Kai za ka sani. A Delhi, shekarar da tulu ya kife a mota, na cika shi a famfon masauki na rufe bakina. Ka kurɓa sau ɗaya. Ka ajiye kofin. Ko harara ba ka yi mini ba. Kwana ɗaya da yini ba ka sha ruwa ba, kana zaune cikin manyan ƙasa leɓenka na tsagewa, kana murmushi, ni kuma ina tsaye bayan kujerarka ina fatan ƙasa ta buɗe. Da ka sa an zane ni da ya fi mini sauƙi. Ubanka bai sha wani ruwa ba, kakanka bai sha ba. Shida na nan, shida za su tafi.

To saura wa?

Kada ka duba ƙasan takarda, Luna. Sake dubawa daga sama. Sarki. Rani Sahiba. Kuyanga…

Lunkaran. Ɗari da tamanin da huɗu.

Kai, wannan Mistri mugu ne. Ko dai ya leƙa ne? Me ya hana ya ce ɗari, ko ɗari uku? Sai daidai ni, har da canjin laba huɗu?

Raƙuma nake kiwo a nan, nan ɗin nan, kafin a share wurin a kira shi fili. Ranar da jirginka na farko ya sauko, taguwata mai ciki ta tsinke igiya ta yi daji. Na zo da sanda na tsaya gaban hancin jirgin, na zage shi, na zagi wanda ya ƙera shi, na zagi uwar wanda ya saye shi. Ban san mai sayen ne ke saukowa ba. Dogarai suka yo kaina, ka ɗaga hannu, kana dariya har da riƙe ciki. “Ku bar shi. Duk ƙasar nan shi kaɗai ne bai ji tsoron abin nan ba. A ba shi aikinsa.” Shi ke nan fa. Ba takarda, ba makaranta. Ni na gano cewa ƙofar jirgi ta yi wa rawaninka gajarta, Sarki kuwa ba ya sunkuyawa gaban talakawansa, na sa aka ɗinka jan labule, mutum biyu su riƙe a bakin matakala har ka shige. Yanzu sarakuna uku sun kwaikwaya, ko na gode babu.

Shi kaɗai ne bai ji tsoro ba… Sai da muka tashi tare na gane abin da kake nufi. Inji ya ɗauki kuka, ƙasa ta fara gudu, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu ta ƙarƙashin mayafi. Mutumin da ke tsayawa gaban damisa da harsashi ɗaya. Fuskarka na kallon taga kamar mai ƙirga gonaki, farcenka kuwa cikin namana. Ban juya ba. Ba ka taɓa ambata ba, ban taɓa ambata ba. Tashi ɗari biyu da wani abu, kujerata kullum ta hagunka, fadawa na gunaguni wai ɗan raƙumi ya samu wuri. Su ci kansu. Ko matata, har ta mutu ba ta san inda nake samo shaidar farce ba, har ta taɓa yi mini yaji a kai, kwana tara.

In na sauka, wa zai zauna a hagu?

In ban sauka ba, wa zai sauka?

Jirgin ƙasa kwana uku. Aiki gobe da safe. In iso in tarar da… in tarar da kai zaune kana zagin Hukma, mana. Me kuma zan tarar? Rufe bakinka, Luna, baƙin baki gare ka tun kana yaro.

Ƙura a hanyar gari. Motoci ne. Ɗaya da minti biyar. Ina masu labule? Kai! Ku miƙe, shanun banza, ku kama gefe-gefe, sama, sama, so kuke duniya ta ga ƙeyarsa? Ina matar da za ta gitta da cikakken tulu don a yi tafiya da sa'a? Ga ta. Kowa ya toshe hancinsa, atishawa karya tafiya take, wanda ya yi ta a nan sai na cire masa hancin.

Fensirin ya ƙi ci. Gumi ne. A lasa… To. Layi ɗaya. Na soke sunana. Ashe ba wuya. Shekara goma sha tara, layi ɗaya, ko ƙara bai yi ba.

Mistri ya karɓa ya duba, ya dube ni, ya buɗe baki. In ka ce mini sannu sai na fasa maka tabaraun tuƙin nan. Ya rufe. Yana da hankali wani lokaci.

Likita. Dole likita, ba wani. Na ja shi bayan mota. “Likita Sahib, kujerar hagu za ka zauna. Ka ɗora hannunka na dama a kan madogari, ka ja mayafinsa ya rufe. Kome ka ji, taga za ka kalla.” Yana tambaya wai bugun jini zai auna? E, bugun jini. Auna. Wawa mai digiri. Amma hannun nasa ƙashi ne zalla, me za a kama a nan? Kuma sanyi gare shi kamar kwaɗo, na taɓa gaisawa da shi…

Ga ka. Ka ƙi kujerar ɗauka, na san za ka ƙi. Sanda a dama, taku ɗaya, hutu, taku ɗaya. Rawanin ya yi maka yawa yanzu, wa ya naɗa maka shi haka sakwaf? Rani Sahiba ta ba ka nono da ɗan sukari a cokali, ka taɓa da leɓe kawai. Pandit na karatu yana satar kallon agogo. Na duƙa na taɓa ƙafarka. Takalmin ma ya yi yawa.

“Luna, ina jakarka?”

“Na yi nauyi, Annadata.”

Kana kallona, ina kallon takalmin.

“Shekara nawa ina ce maka ka bar man shanu.”

“Hukma ne ke zuba mini, ranka ya daɗe.”

“Ɓarayi biyu.” Ka gyara riƙon sanda. “To ka tsaya inda zan gan ka.”

Labule ya rufe. Na ji numfashinka a bayansa, matakala uku kamar dutse uku. Da ni ne a ciki da na tallafi gwiwar hannunka ba wanda ya gani. An ja ƙofa. Ɗaya da sha bakwai.

Inda za ka gan ni… ina ne? Ban taɓa tsayawa a ƙasa ba. Ina mutane suke tsayawa? Me suke yi da hannuwansu? Tagarka ta biyu ce daga gaba, ta dama, to nan, kusa da gangar nan, cikin rana. Farfela ɗaya ta juya. Ta biyu. Yashi a baki. In ninke takardar in sa aljihu, aiki ya ƙare, an rage, an—

Bayan takardar. Jerin kayan da aka loda a jirgi.

Akwatin komowa. Ɗari da casa'in.

Babbar rigar zinariya, takobin kakanka, laima mai sandar azurfa, kayan da za ka sa ranar da za ka shigo gari an warke. Kullum yana bin ka, ni na sa aka loda shi jiya da hannuna. Ɗari da casa'in! Akwati, Luna! Akwati ba ya jin tsoron tashi, akwati ba ya riƙe hannun kowa, akwati sai ya bi jirgin ƙasa ya kwana uku, ya kwana talatin, wa zai nemi laima a gadon asibiti? Sau uku na juya takardar nan. Sau uku. Na gan shi, ƙarya nake in na ce ban gan shi ba. Idona ya sauka a kai ya tsallake, don in na sauke kayan dawowarka a gaban mutane, a wannan rana, kamar na ce ne… kamar na yarda ne cewa…

Minti biyu ya isa. A buɗe wurin kayan, mutum huɗu su ja shi, in haye. Mistri! Mis—

A'a. Taya ta motsa. Ɗaya da ashirin, Pandit ya sauke hannu. Ba a kiran matafiyi ta baya. Ko yaro ya fita sayen gishiri ba a kiransa ta baya, balle kai, balle yau. In na ɗaga murya na karya tafiyar, duk abin da ya faru gobe bakina ne. Cije shi. Cije.

Ga taga ta biyu. Rawani ne wannan, ko hasken rana? Kana kallo? Wannan tsinken ya ajiye hannun kuwa, ko yana can yana goge tabarau?

Yana gudu. Ƙayar na matsowa. Tashi mana, ɗan banzan ƙarfe, na ba ka abin da ka nema har da laba huɗu… tashi…

Ya tashi.

Mutane sun fara komawa motoci. Wani na ce mini in shigo inuwa. Ban san daga wane nisa ake daina ganin mutum ba, ban taɓa tambaya ba. Bari dai in ƙara tsayawa kaɗan.