Rigar da Ba Ta da Aljihu

Takardar shago tana nan manne a ƙasan sabon takalmin Baba na hagu, fara, ba ta fi farce girma ba. Duk ɗaga ƙafar da zai yi sai ta leƙo ta koma. Auta tana biye da shi, tun daga ƙofar gida take so ta ce ya ɓare ta, amma bakinta ya ƙi buɗuwa.

Haka suke ita da shi. Baba tela ne, ya tsufa a kan keke, kai a duƙe, allura a baki. Ita kuma har ta gama jami'a malamanta ba su san muryarta ba. Mama takan ce in aka kulle su biyu a ɗaki, ƙadangaren bango ne zai fara gaisuwa.

Ga shi kuwa ita likita ya ɗora wa aikin magana. Ranar da aka ga jinin Baba ya hau, ya rubuta magani, ya ce a haɗa da tafiya kullum da safe, a fara a hankali sai jiki ya ɗumama. Sannan ya dubi Auta.

"Ki riƙa raka shi, kina jan shi da hira. In yana tafiya yana iya magana, lafiya lau. In kika ji maganar tana yankewa, ko ƙirji ya riƙe shi, ku tsaya, ku dawo mini a ranar."

Ta ce to. Amma tun da suka fara, hirarsu ba ta taɓa wuce "Mu juya?" da "Mu juya" ba.

Yau suna isa kwanar gidan mai sai ga Kofur, tsohon soja, abokin Baba tun ƙuruciya, da tawul a wuya.

"A'a! Tela da kansa a ƙasa? Wa ka bar wa keken? Wannan tafiyar taka ai ko hawainiya sai ta juyo ta jira ka."

"Kai dai bakinka bai yi ritaya ba," in ji Baba.

"Ƙafata ma haka. Biyo ni ka gani, in ka isa."

Kofur ya ɗauki hanyar da ke hawa zuwa gada, yana kaɗa hannu yana zuba labari. Baba ya bi shi kafaɗa da kafaɗa. Da farko yana mayar da martani, daga baya ya koma "Haka ne," daga nan sai "Hm" kawai. Auta ta duba ƙasa. Farar takardar ta daina leƙowa, Baba jan ƙafar yake yi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Hannunsa na dama ya tafi ƙirji ya dafe, kamar mai laluben wani abu a aljihu.

Kalma biyu ce: Baba, tsaya. Amma ga Kofur, ga masu jiran mota a bakin titi, wasunsu Baba ke musu ɗinki. Ta san in ta faɗa, har ƙarshen shekara Kofur zai riƙa yi wa Baba waƙa da ita a ƙofar shago. Ta buɗe baki ta rufe. Gadar kuma da saura.

Sai kawai ta durƙusa a gefen hanya.

"Baba, na gaji! Ba zan iya ba!"

Ita kanta ba ta san tana da murya haka ba. Kowa ya juyo. Kofur ya riƙe ƙugu yana ƙyaƙyata dariya.

"Kai, 'ya'yan zamani! Digiri a ka, ƙafa kamar ta kaza. Tsoho yana zuba taku, ke kin zube. Tela, me kuke ba ta a gida ne?"

Baba ya zauna a kan dakalin kwalbati kusa da ita. "Bari... mu jira... ta," ya ce, har da ɗan murmushi, yana taya Kofur. Wata mata ta miƙo ruwa tana cewa sannu yarinya, ko ba ki karya ba ne? Auta ta karɓa kanta a sunkuye, fuskarta kamar an watsa mata garwashi. Kofur ya yi gaba yana girgiza kai.

Sun daɗe a wurin kafin numfashin Baba ya daidaita. Suka juyo a hankali. Sai da suka shigo layinsu ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Baba, rigar nan ba ta da aljihu."

Shi ya ɗinka ta. Ya dubi gaban rigar, ya ci gaba da tafiya.

Labari ya riga su isa gida, don Kofur ya zagayo ta ƙofar. Mama tana tsaye a tsakar gida da tsintsiya.

"Ikon Allah. An aika ki raka mara lafiya, ke aka rako. A titi, gaban jama'a! Gobe ki yi zamanki, ubanki ya bi Kofur, su da suke da ƙarfi."

Auta ta kafe idonta a kan yatsun ƙafarta. Baba yana zaune a kan benci yana kwance igiyar takalmi. Ya juya na hagun, ya ga takardar, ya sa farce ya ɓare ta, ya daɗe yana murza ta tsakanin yatsu. Mama tana ta faɗa. Ya ɗago kamar zai yi magana, ya dubi Auta, ya sake sauke kai.

Ya tashi ya shiga ɗaki. Auta ta ji ƙarar durowar keken ɗinki, inda yake ajiye katin asibiti. Ya fito da hula a ka, katin a hannu, ya wuce ta gabansu a hankali. Ƙofar gida, wadda bai taɓa fita bai ja ta ba, ya bar ta a buɗe.