Shukar Baba Tela

"Ke! Ajiye kofin nan!"

Mai Kitso ta tsallake takalman 'yan gaisuwa da gudu, amma ina, surukar marigayin ta riga ta juye ragowar ruwanta a tukunyar da ke kan taga.

"Haba Iya, shuka ce fa. Tausayinta na ji."

Tausayi! A wannan ɗakin Baba Tela ya yi ta jinya, Mai Kitso maƙwabciyarsa ce ke ɗaga kansa ya sha ruwa. Surukar nan kuwa, da ita da mijinta, sai dai waya: "Yaya jikin Baba?" Yau ga su sun cika ɗaki, har da zama kan keken ɗinkinsa.

Shukar ba ta fi tafin hannu ba. Ganyenta masu kauri ne, sun jeru zagaye kamar fure, bakinsu ja-ja. Wani baƙo ne ya ba Baba Tela ita, ya ce ko a can ƙasarsu ba kowa ke da ita ba. Ranar da jiki ya tsananta, Baba Tela ya kama hannun Mai Kitso ya ce, "Amana ce. Rana take so. Kada ki ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas."

Mai Kitso ta tura yatsa cikin tukunyar. Caɓi! Har da ganyen shayi. Ashe tun da aka yi rasuwar, duk wanda ya sha ya rage, nan yake juyewa. Ta taɓa ganyen ƙasa, ya zube a hannunta, ruɓaɓɓe.

"Sannunku da aikin lada," ta ce da ƙarfi. "Mai shukar bai ga ruwanku ba, ita kun yi mata wanka."

Wata goggo ta shiga gyaran ɗankwali.

Mai Kitso ta rungumi tukunyar. Ɗan marigayin ya miƙe. "Iya, ba a raba kaya ba tukuna."

"To biyo ni ka ƙwata, ɗan albarka. Ka san hanyar gidan ai, ko sai an nuna maka?"

Bai bi ta ba.

A ɗakinta ta zazzage taɓon, ta yanke saiwar da ta yi baƙi da rezar aikinta. Ganyen tsakiya na nan da ƙarfinsu. Ta shimfiɗa tsumma a taga, ta kwantar da shukar a kai, ta janye labule. Rana ta sauka a kanta.