Kurayen Yamusa

Yamusa ya hau dutsen da ke bayan rugata da mushen akuya a kafaɗa, ruwan sama ya tare shi a can, ya sauko da zazzaɓin da ya kashe shi.

Maƙwabcina ne. Ni Bappayo, makiyayi. Shi Bagwari, maharbin da ya tsufa har bindigarsa ta koma abin rataye a bango. A shekarun da ake kwaso gwamnati daga Ikko ana kawo ta Abuja aka tashe mu, shi daga garin kakanninsa, ni daga fadamar da nake kiwo. Muka haɗu a gefen Yangoji. Shi ya nuna mini inda zan kafa bukka, jikin gonar doyarsa. Ina ba shi taki, yana bar mini karan dawa. Shekarar da cutar bushiya ta zubar mini da shanu, shi ya kama igiya muka yi ta jan gawarsu zuwa rami. Abin da ya rage mini bai isa a kira shi garke ba. Tun daga lokacin yake ce mini Arɗo marar shanu. Shi kaɗai nake bari ya faɗa.

Kuraye ne suka shiga tsakaninmu.

Akwai wani dutse a tsohon garin su Yamusa, mai kogo, kuraye a ciki. Masu aikin titi suka zo fasa shi. Sai masu kula da namun daji suka ce ba za a kashe kurayen ba, za a kama su a keji a kawo su dutsen bayanmu, tunda babu gida a kansa. Mai gari ya tara mu a gindin mangwaron ƙofar gidansa. Jami'in da suka turo yaro ne mai ladabi, ya cire hularsa kafin ya yi magana.

"Iyayena, dabbobin nan saura kaɗan su ƙare a yankin nan. Dukiyar ƙasa ce. Gwamnati ba za ta bari a harbe su ba."

Na ce, "Gwamnati tana da maruƙa?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Ya ce, "Baba, idan an yi maka ɓarna, sai ka kawo mana ƙara ofis."

"In kawo muku ƙashi ke nan."

Manniru, shugaban maharbanmu, ya miƙe yana gyara layun damtsensa. "Oga, ka bar mu da su yini ɗaya, mu hutar da kai dakon keji. In suka zo nan, ɗan zomo da gadar da muke samu sun ƙare. Mu kuma mu ci me? Dukiyar ƙasa?"

Kowa ya ɗauka Yamusa zai bi bayan maharba. Sai ya buga sandarsa a ƙasa. Hausarsa ta Gwari ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Kura nan na san shi. Na san uwansa. A gidanmu, dabba in ya mutu ba mu binne shi. Muna ɗauka mu kai falalen dutse, gefen da ba gari. Kura ya saba, hancinsa yana can. Tun ina yaro bai shiga mana gari ba. A kawo su. Ni zan riƙe su."

Na ce, "Da wane ƙarfin? Kai da ko tulu ba ka iya ɗauka?"

Bai dube ni ba. Ya dubi taron. "Ni ma a bayan tifa aka kawo ni nan, da tukunya da kaji. Wa ya tambayi mutanen Yangoji ko suna so na?"

Ni dai na faɗi tawa a gaban kowa: a kashe su, ko a kai su inda babu saniya. Aka saurare ni, aka yi abin da aka riga aka shirya. Da damina ta kankama mota ta zo da kejuna lulluɓe da tamfol, ta wuce ta bayan rugata. Shanuna suka miƙe tsaye tun kafin ƙarar motar ta iso. Warin suka ji.

Na daina gaishe da Yamusa.

Shi bai daina ba. Wani ɗan maraƙina ya mutu da zawo, ya ji labari, ya zo ya tsaya a bakin shinge.

"Arɗo marar shanu, ba ni wancan. Kai ba ka cin mushe, ƙasa ma ba ya jin yunwa."

Na ce, "In ɗanɗana musu naman shanu da hannuna?"

"Ko ka ɗanɗana ko ba ka ɗanɗana ba, ya san shi. Magana a ina zai ci, can ko nan."

Na haƙa rami a gabansa na binne maraƙin, na danne da duwatsu. Ya tsaya har na gama, ya ce sannu da aiki, ya tafi.

Daga nan ya shiga yawo. Duk inda akuya ta mutu, ko kare, ko jaki, sai ga shi. Ranar kasuwar Kwali ya je wurin mahauta ya roƙo abin da za a zubar. Ya dawo yana wari, ƙudaje na binsa, mata na toshe hanci suna kiransa Sarkin Kuraye. Ya hau dutsen nan da kaya a kafaɗa, ya zaga ta can bayan, inda ko hayaƙin gari ba a hangowa, ya ajiye a falale. Duk tsawon wannan lokaci ba a taɓa mini dabba ba. Manniru ya ce tsoron sabon wuri ne, za su waye. Ni dai na ninka ƙayar shinge.

Ranar da ruwa ya tare shi, ina tsaye a ƙofar bukka da la'asar na gan shi yana saukowa, yana dafa duwatsu, rigarsa manne da ƙashin bayansa. Na ga ya zauna a tsakiyar hanya. Na je na ɗaga shi. Na tallafe shi har ƙofar ɗakinsa.

'Yarsa Kiristiyana, mai sayar wa leburori abinci a Garki, ta bar tukwanenta ta zo. Ta kawo mai allura, ta kawo mutanen cocinsu suka yi waƙa a tsakar gida, shi kuwa bai taɓa shiga coci ba. Ya bar su suka yi. Zuwa asibiti ne ya ƙi, ya ce ba mai sa shi a mota kuma. Matata Aminatu tana aika kindirmo kullum, ana dawo da ƙwaryar kusan yadda ta tafi.

Kiristiyana ta zo ta durƙusa a bakin shingena. "Baffa, yana kiran sunanka. Don Allah, ko ba ku shiri, ka zo."

Na je da rana tsaka. Ɗakin duhu, warin hayaƙi da man zafi. Yana kwance a tabarma, an tokare bayansa da buhun dawa saboda numfashi. Bindigar na rataye a samansa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta.

"Arɗo."

"Na'am."

"Yau ba ka ce in ƙarasa ba?"

"Ƙarasa."

"Marar shanu." Ya yi dariya, tari ya kama shi. Kiristiyana ta ba shi ruwa, ya ture. "Tun da na kwanta ba wanda ya hau. Kura yana jin yunwa yanzu. Zai sauko."

"Na sani."

"In ya sauko, Manniru zai zo maka da gwangwani. Maganin ƙwarin auduga. Zai ce ba shi mushe ya zuba. Kura zai ci, angulu zai ci, karenka zai ci. Dutsen zai yi shiru." Ya huta. "An fasa kabarin babana, titi ya bi ta kai. Bishiya da na sani, an sare. Daga garinmu, su kaɗai suka biyo ni."

Na ce, "Ba biyo ka suka yi ba. Kawo su aka yi."

"To. Kamar ni."

Ƙuda ya sauka a goshinsa, na kore shi.

"In dabba ya mutu maka, kar ka binne, kar ka ba Manniru. Ja shi ka kai falale. Bi ta gindin ɗorawa, ka bar kogo a hannun hagu. Za ka ga ƙasusuwa."

"Ban ɗauki alkawari ba."

"Ban ce ka ɗauka ba. Hanya na faɗa maka."

Na zauna har ya yi barci. Iyakar maganarmu ke nan.

Da safe ya mutu, ina tatsa. Na ji kukan Kiristiyana ya tsallako gonar doya. Na ƙarasa tatsar saniyar da ke hannuna, don ba a barin ta rabi, na wanke hannu na tafi.

Danginsa suka yi masa irin nasu. Ba addinina ba ne, na tsaya daga gefe. A bakin gonarsa suka haƙa kabarin, yana fuskantar dutsen. Da aka rufe, Kiristiyana ta zo kusa da ni, idonta a ƙasa.

"Baffa, tsoro nake ji kada su tone shi."

Na ɗauki adda na shiga jeji na saro ƙaya, irin wadda nake yi wa maruƙa shinge. Na yi ta kaiwa da komowa har na rufe kabarin ruf, na danne da duwatsu. Manniru yana kallo ya ce, "Ka ga, mai su ma sai da aka yi masa shinge." Wasu suka yi dariya a gidan makoki. Na dube shi har ya kau da kai.

Washegari na ga sawu kewaye da kabarin. Ba a taɓa ƙaya ko ɗaya ba. Ko ƙayar ce ta hana su, ko wani abu, ban sani ba.

Ba a yi sadakar bakwai irin tasu ba sai da abin ya zo kaina.

Ina da wata jar karsana, ɗiyar saniya ɗaya da ta tsallake bushiya daga irin da na gada wurin mahaifina. Tana ɗauke da cikin fari. A kanta na ɗora duk abin da nake fata. Da gari ya waye na tarar an ɓarke shinge ta kusurwa, ita kuma tana kwance a waje, an yage mata cinya da ciki. Tana numfashi. Na ruga bukka neman wuƙa, don in yanka ta ko nama a samu. Kafin in dawo ta cika.

Na tsaya da wuƙa a hannu. Aminatu ta fito, ta gani, ta zauna a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

"Ga abin da maƙwabcinka ya bar mana."

Na ce, "Ya mutu. Bar shi."

"Ita ma ta mutu. Saura na gobe. Malam, ka dubi abin da ya rage a shingen nan, ka dube ni."

Na duba. Gaskiya ta faɗa.

Rana ba ta yi zafi ba sai ga Manniru da mutanensa, gwangwani a hannunsa, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ya yi mini jaje yadda ya kamata, ya tsuguna ya duba raunin.

"Baba Bappayo, Allah ya mayar da alheri. Ka ga abin da muka faɗa, ni da kai, a gindin mangwaro. Yanzu sun ɗanɗana, za su dawo mata. Mu tsaga ta nan da nan, mu zuba, mu bar ta inda take. Gobe war haka an gama. Ofis ba za su ji ba, in sun ji ma cuta ce ta kashe su."

Na shiga bukka na ɗauko igiya, wadda muka ja gawar shanuna da ita shekarar bushiya. Na ɗaure ƙafafun karsanar na baya. Na kamo bijimin da nake ɗora wa kaya, na ɗaura masa ɗaya bakin.

Ɗaya daga cikin maharban ya ce, "Ina kuma za a kai ta? Nan ya fi, Baba, nan suka san ta."

Na ja bijimin. Gawar ta motsa, kanta na karo da ƙasa, ta bar jan sawu a kan ciyawa. Kiristiyana ta fito bakin gonar ubanta da baƙin ɗankwali, ta tsaya kusa da tarin ƙayar. Daga inda nake ina hango ɗorawar a gindin dutse.

Aminatu ta ce, "Malam."

Manniru ya sha gabana. "Haba Baba! Kai fa ka ce a kashe su, kowa ya ji. Su ci maka karsana, ka kai musu saura har gida? In suka dawo gobe fa?"

"In sun dawo, nawa za su ci, ba naka ba."

"To don Allah ba mu mushen. Ba shi da amfani a wurinka."

Ya miƙo hannu zai kama igiyar. Na naɗe ta a damtsena.

Na ce, "Ba zan bayar ba."